Yadda Aka Gane Asirin Tsando

Hausawa sun ce, raina kama ka ga gayya. Cikin dukan halittun da Allah ya zuba a ƙasar Afirka da wuya a sami wanda wannan karin magana ya dace da shi kamar tsando. Girmansa bai ɗara na ƙudan gida da wani abin kirki ba, yaro ma yana iya murje shi da yatsa biyu. Amma shi ne ya tashi garuruwa, ya hana Fulani kiwo a dazuzzuka masu ciyawa da ruwa, ya kuma tsai da dawakin sarakuna a bakin kurmi. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna shan wahalarsa, ba su san ta inda ya ke cutarsu ba. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda masana suka bi jikin wannan ƙwaro gaɓa gaɓa, har suka gane yadda ya ke ci da yadda ya ke haihuwa, da kuma amfanin da wannan sani ya jawo wa mutane da dabbobinsu.

Zamanin da ba a sani ba

Cuta biyu tsando ke rabawa. Ta mutane ita ce ciwon barci. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a bayan wuya, daga nan hankalin mutum ya soma juyawa, ya riƙa gyangyaɗi da rana, da dare kuwa barci ya ƙaurace masa. In ba a yi magani ba, yawanci ƙarshenta mutuwa. Ta dabbobi kuwa ita ce sammore, wadda ke kama shanu da dawaki da raƙuma da karnuka. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, ta yi ɓari, kana ta faɗi.

Ciwon barci tsohuwar cuta ce. Babban malamin tarihin nan na Larabawa, Ibn Haldun, ya rubuta cewa Sarkin Mali Mari Jata na biyu ya yi shekara biyu yana fama da wani ciwo mai sa barci, har ya rasu wajen shekarar 1374. A 1803 wani likita Bature mai suna Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya ba da labari cewa fataken bayi su kan shafa bayan wuyan bawa, in sun ji kaluluwa sai su ƙi sayensa. Ashe tun a wancan lokaci an san alamar cutar, sanadinta ne ya ɓuya.

Makiyaya kuwa sun daɗe da lura cewa akwai dajin da in shanu suka shiga ba su fita lafiya. Sarakunan Oyo a ƙasar Yarabawa kullum sai sun sayi sababbin dawaki daga Arewa, gama doki ba ya daɗewa a wurinsu, balle ya hayayyafa. Shahararren matafiyin nan David Livingstone, cikin littafin da ya fitar a 1857, ya ba da labarin yadda shanunsa suka mutu a kudancin Afirka bayan tsando ya cije su. Shi da sauran Turawan zamaninsa sun ɗauka dafi ne ƙudan ke da shi, kamar na kunama.

Yadda aka fara leƙa jikin ƙwari

Kafin a gane tsando sai da aka fara gane ƙwaro. Mutanen dā, har da manyan masanan Girka, sun ɗauka ƙananan halittu daga ruɓa su ke fitowa, ba su da uwa ba su da uba. Mu ma mu kan ce tsutsar nama ita ma nama ce. A 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya ce bari ya jarraba. Ya zuba nama cikin kwalabe, waɗansu ya bar su a buɗe, waɗansu ya rufe da ƙyalle mai shara-shara. Naman duka ya ruɓe, amma na buɗen ne kaɗai ya yi tsutsa. Na rufen kuwa ƙudaje suka taru bisa ƙyallen suka zuba ƙwai a can. Da haka aka tabbata tsutsar nama ɗiyar ƙuda ce.

Bayan shekara guda, watau 1669, wani ɗan ƙasarsu, Marcello Malpighi, ya feɗe tsutsar siliki a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Wannan tsutsa 'yar uwar wadda ke saƙa mana zaren tsamiya ce, wanda a ke yi wa manyan riguna aiki da shi. Ya tarar ba ta da huhu. Waɗansu 'yan ƙofofi ne jere a gefen jikinta, kowace ƙofa ta haɗu da bututun iska, bututun ya yi rassa ya ratsa jiki duka kamar saiwar itace. Da ya shafe ƙofofin da mai sai tsutsar ta mutu. Ya kuma ga zuciyarta doguwa ce kamar igiya, tana kwance ta bayanta. A 1801 wani Bafaranshe, Lamarck, ya fitar da littafi a kan halittun da ya kira marasa ƙashin baya. Cikinsu akwai tana da matsattsaku da dodon koɗi da ƙaguwa da kunama da kaska da ƙwari. Yau an san fiye da kashi 90 cikin 100 na irin dabbobin duniya a wannan rukuni su ke.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da ƙwari irin su ƙuda da sauro da fara. Jikinsu kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. Ƙafafunsu 6, duk a ƙirji su ke, fukafukai ma haka. Gizo-gizo da kunama ƙafa 8 gare su, don haka masana suka ware su daban. Mu ƙashinmu yana ciki, nama ya lulluɓe shi. Ƙwaro kuwa ɓawo ne mai tauri ya lulluɓe namansa, kamar mayaƙi cikin sulke. Ɓawon ba ya ƙaruwa, saboda haka ɗan ƙwaro ba shi da hanyar girma sai ya yi saɓa. Jininsa ba ja ba ne, ba ya kuma bin jijiyoyi irin namu, yana malala ne kawai cikin jiki. Da yawansu rayuwarsu hawa huɗu ce. Da farko ƙwai, sa'an nan tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci. Daga nan sai kwanci, watau lokacin da tsutsa ke shiga ƙwanso ta yi shiru, ba ci ba sha, jikinta yana sākewa. Daga ƙarshe ƙwanso ya fashe, cikakken ƙwaro mai fukafukai ya fito.

Duk da haka ba wanda ya tabbatar ƙwaro yana ɗaukar cuta daga jinin wani, sai a 1877. A shekaran nan wani likitan Birtaniya, Patrick Manson, yana aiki a ƙasar Sin, ya feɗe sauron da ya sha jinin mai ciwo, ya ga 'yan tsutsotsin da ke kawo tundurmi suna girma a cikinsa. A 1880 kuma wani likitan dabbobi a Indiya, Griffith Evans, ya ga wata ƙwayar halitta mai wutsiya tana wutsil-wutsil cikin jinin dawaki da raƙuma marasa lafiya. Waɗannan abubuwa biyu su suka share wa mai zuwa hanya.

Bruce a kan dutsen Ubombo

A 1894 sammore ta addabi shanun Zulu a Afirka ta Kudu. Su a bakinsu nagana su ke ce mata. Gwamnan Natal ya aika da wani likitan soja, David Bruce, ya je ya bincika. Ya tafi tare da matarsa Mary, wadda ta gwanance wajen aiki da madubin likita. Suka sauka a Ubombo, wani gari bisa dutse, suka mai da wata bukka ɗakin bincike. A kan dutsen babu tsando, amma a kwarin da ke ƙasa yana nan jingim.

Da Bruce ya duba jinin shanu marasa lafiya sai ya ga ƙwayar nan mai wutsiya. Ya ɗebi jinin ya sa wa karnuka da dawaki masu lafiya, suka kamu. To, saura a san ta inda ƙwayar ke shiga. Zulu sun ce namun daji ne ke ɓata ciyawa da ruwa. Turawa maharba sun ce dafin tsando ne. Bruce ya sa aka riƙa gangarawa da dawaki kwarin da rana, an ɗaure musu baki, ba su ci ba su sha ba, da yamma a komo da su. Suka kamu, ashe ba daga ciyawa ba ne. Sa'an nan ya sa aka riƙa kamo tsando da rai a kwarin, a hau da su dutsen, a ɗora su kan dokin da bai taɓa sauka ƙasa ba. Dokin ya kamu, aka kuma ga ƙwayar a jininsa. Daga baya ya gwada jinin namun daji, irin su ɓauna, ya tarar ƙwayar tana zaune a jikinsu ba ta yi musu kome. Kun ga kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Namun daji su ne rumbun cutar, tsando kuwa shi ne ɗan dako. Bruce ya fitar da rahotonsa na fari a 1895.

Akwai wani abin mamaki kuma da ya gani. Ya lura macen tsando ba ta yin ƙwai kamar sauran ƙudaje. Tsutsa guda ta ke haifa, ƙatuwa, wadda girmanta ya kusa kai na cikin uwar. A lokacin an ɗauki wannan kamar labarin nishaɗi ne kawai. Za mu ga yadda daga baya ya zama makami.

Annobar Yuganda

A 1901 wani likita a ƙasar Gambiya, Robert Forde, ya ga wani abu yana motsi cikin jinin wani Bature direban jirgin ruwa mai fama da zazzaɓi. Ya kira abokin aikinsa Joseph Dutton, shi kuwa ya gane irin ƙwayar nan ce mai wutsiya, ya ba da sanarwa a 1902. A daidai wannan lokaci annobar ciwon barci ta faɗa wa mutanen bakin Tafkin Biktoriya a Yuganda. An ƙiyasta mutum wajen 250,000 suka mutu tsakanin 1900 da 1920. Gonakin ayaba suka zama kufai, tsibirai suka rasa mai tuƙa kwalekwale.

Aka aiko da likitoci daga Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Aldo Castellani, mutumin Italiya, ya ga ƙwayar cikin ruwan ƙashin bayan masu ciwon. Da Bruce ya iso a 1903 sai ya tuna da abin da ya gani a Ubombo. Ya nemi taimakon sarakunan ƙasar, aka riƙa kamo ƙudaje masu cizo daga gari gari ana aiko masa, tare da bayanin ko akwai ciwon barci a garin ko babu. Ya zana taswira biyu, ɗaya ta inda tsando ya ke, ɗaya ta inda cutar ta ke. Da aka ɗora wannan bisa waccan sai suka dace. Ya kuma sa tsandon bakin tafki ya ciji birai, suka kamu. Bisa ga wannan sani Gwamnan Yuganda, Hesketh Bell, ya sa aka kwashe mutane daga bakin tafkin wajen 1907. An yi tashin nan da tilas, mutane kuwa sun sha wuyar rabuwa da gonakinsu da wuraren sunsu, amma annobar ta ja da baya. Wannan Bell shi ne aka kawo ya yi Gwamnan Nijeriya ta Arewa daga 1909 zuwa 1912.

Da farko an zaci tsando yana ɗaukar cutar ne a bakinsa kawai, kamar yadda allura marar tsabta ke yi. A 1909 wani likitan Jamus, Friedrich Kleine, ya nuna ba haka ba ne. Tsandon da ya sha jinin mai ciwo sai ya yi kamar mako uku kafin cizonsa ya zama haɗari, daga nan kuwa har ya mutu yana raba cutar. Wata mace masaniya, Muriel Robertson, wadda ta yi aiki a Yuganda daga 1911 zuwa 1914, ita ta bi sawun ƙwayar cikin jikin ƙudan. Ta feɗe tsando bila haddin, ta ga ƙwayar tana fara zama cikin hanji, ta hayayyafa, ta sāke kama, sa'an nan ta yi gaba har ta isa jakar yawu. Sa'ad da tsando zai sha jini ya kan fara tsartar da yawu cikin raunin don kada jinin ya daskare. A cikin yawun nan cutar ke shiga mutum.

Siffar tsando da haihuwarsa

Yanzu sai mu dubi ƙudan kansa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne. In ya sauka ya kan ɗora fiffike bisa fiffike kamar almakashi a rufe, alhali ƙudan gida nasa a ware su ke. Bakinsa tsinke ne miƙaƙƙe, yana nuna gaba. In aka ɗaga fiffikensa wajen haske, za a ga jijiyoyin tsakiya sun zana siffar ɗan gatari. Wajen sauro mace ce kaɗai ke shan jini, amma wajen tsando da namiji da mace duka ba su da abinci sai jini, su kan kuwa nema bayan kwana biyu zuwa huɗu. Irinsa ya fi 20. Waɗansu suna bin daji inda namun daji su ke, su ne suka fi cutar shanu. Waɗansu suna bin kurmin bakin rafi, inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, matafiya ke ƙetarewa, su ne suka fi kawo wa mutane ciwon barci a Afirka ta Yamma.

Macen tsando yawanci sau ɗaya namiji ke barbararta, ta ajiye irinsa cikin waɗansu 'yan jakunkuna biyu, ya ishe ta har iyakar ranta. Ƙwai guda ke sauka cikin mahaifarta, ya ƙyanƙyashe a can. Tana da wata hanyar nono a cikin ciki, wadda ke fid da farin ruwa mai maiƙo, tsutsar tana sha, tana numfashi ta waɗansu baƙaƙen ƙullutu biyu da ke ƙarshen jikinta. Tsutsar ta kan yi saɓa sau biyu tun tana ciki. In ta ƙosa, uwar ta nemi inuwa mai ƙasa ruɓu-ruɓu, kamar gindin sarƙaƙiya ko ƙarƙashin faɗaɗɗen itace, ta haife ta. Tsutsar ba ta cin kome a waje. Nan da nan ta ke nutsewa cikin ƙasa, fatarta ta taurare ta yi baƙi, ta shiga kwanci. Bayan kamar wata guda sabon tsando ya hura wata 'yar jaka da ke goshinsa, ya fasa ƙwanson da ita, ya ture ƙasa ya fito.

Ku lura da lissafin nan. Macen ƙudan gida ta kan zuba ƙwai fiye da 100 a zama ɗaya. Macen tsando kuwa ɗa guda ta ke haifa bayan kowane kwana 9 ko 10, da wuya 'ya'yanta su wuce 10 duk rayuwarta. Saboda haka in aka riƙa kashe 'yan kaɗan kowace rana ba fashi, haihuwarsu ba za ta iya cike gurbin ba. Ga shi kuma shi da ɗansa ba su jure zafin rana da bushewar ƙasa. Lagonsa ke nan.

Daga Gadau zuwa Takalafiya

A Nijeriya ta Arewa ciwon barci ya yi tsanani daga shekarun 1920. Zaman lafiya ya sa mutane sun fita daga garuruwa masu ganuwa sun bazu cikin daji, sun kafa ƙananan ƙauyuka a bakin rafuka. Aikin hanya da na reluwe da haƙar kuza sun yi ta kai mutane daga wannan ƙasa zuwa waccan, cutar tana biye da su. Gwamnati ta kafa ƙungiyar likitocin ciwon barci, suna bi gari gari suna shafa wuyan mutane, suna duba jini. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutum wajen 3,000,000, an sami fiye da 300,000 da cutar. Amma allura ba ta hana wanda ya warke sāke kamuwa, muddin yana komawa rafin nan.

Tun shekarun 1920 aka soma binciken tsando a Sherifuri, ƙasar Katagum, daga baya aka koma Gadau. A 1933 wani masanin ƙwari, T. A. M. Nash, ya zo Gadau. Ya yi shekaru yana auna zafi da laima, yana ƙirga ƙudaje, yana tonon ƙwansonsu cikin ƙasa. Ya tabbatar da cewa da bazara tsando ba shi da mafaka sai 'yar inuwar kurmin rafi. Ya kuma gane ba lalle ne a sare itatuwa duka ba. In aka share sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa masu rassa har ƙasa, aka bar dogayen itatuwa, iska mai zafi za ta ratsa ta busar da wurin, ƙudan ya rasa wurin fakewa da wurin haihuwa.

Da wannan sani aka fara aikin Anchau a ƙasar Zazzau a 1937, shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta. Aka ware wani yanki mai tsawon wajen mil 70 da faɗin wajen mil 10, aka share bakin rafukansa. An yi lissafi cewa sai an sami kamar mutum 70 a kowace murabba'in mil kafin su iya riƙe sharar nan kowace shekara. Don haka aka taso da mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyukan daji aka zaunar da su cikin yankin. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka gina kasuwa da mahauta da makaranta da ɗakin magani. Kusa da tsohon garin Anchau aka kafa sabon gari mai faffaɗan tituna, aka raɗa masa suna Takalafiya. Ciwon barci ya ragu ƙwarai, shanu kuma suka sami wurin zama.

Amma akwai darasi a nan. A ƙarshen shekarun 1950 wani malamin jami'a daga Amurka, Horace Miner, ya zauna a Anchau, ya fitar da abin da ya gani a 1960. Ya tarar mutane suna fita sharar rafi kowace shekara don Sarki ya ba da umurni, amma da yawansu ba su yarda ƙuda ne ke kawo ciwon barci ba. Waɗansu kurame ma tsoron saransu a ke yi, wai mazaunin iskoki ne. Laifin ba na talakawa kaɗai ba ne, gama an ba su umurni da yawa, bayani kuwa kaɗan. Aikin da mutum ya ke yi don tsoron tara, ran da mai tara ya kau da kai ya kan ajiye adda.

Abin da ya biyo baya

A 1947 aka kafa ma'aikatar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, hedkwatarta a Kaduna, reshenta a Vom. A 1964 ta koma hannun Nijeriya. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka shiga feshin magani. Da ya ke an riga an san inda tsando ke hutawa da rani, watau gindin itatuwa da ƙarƙashin rassa, ba a fesa daji duka ba, sai waɗannan wurare. Zuwa 1978 an raba ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 200,000 da tsando a arewacin Nijeriya. Daga baya aka gane irin magungunan nan, kamar DDT, suna daɗewa cikin ƙasa da ruwa, suna cutar kifi da tsuntsaye, aka taƙaita aiki da su.

Sai masana suka koma nazarin idon tsando da hancinsa. Aka gane shuɗin ƙyalle yana jawo shi daga nesa, baƙi kuwa shi ya ke so ya sauka a kai. A 1973 waɗansu Faransawa biyu a Bobo Julaso, ƙasar da yanzu a ke kira Burkina Faso, suka ƙera tarkon ƙyalle wanda mutum ɗaya zai iya kafawa a bakin rafi. A Zimbabuwe kuma aka gane warin numfashin saniya da na fitsarinta suna kiransa, aka riƙa sa irin warin a jikin tarko.

Maganar nan ta cewa macen tsando sau ɗaya a ke barbararta ita ma ta yi rana. A kan kiwata tsando a ɗaki, a haska wa mazan wani haske mai kashe iri, a sake su cikin daji. Duk macen da irin wannan namiji ya hau ba za ta haihu ba. An gwada dabarar a ƙasar Lafiya cikin shekarun 1980, da ƙudajen da aka kiwata a Vom. A tsibirin Unguja na Zanzibar an saki irin mazan nan wajen 8,000,000 daga jirgin sama, a 1997 aka tabbatar tsando ya ƙare a tsibirin.

Magani ma ya sāke. Allurar da aka fara aiki da ita a 1949 don wanda cutar ta kai masa ƙwaƙwalwa tana da dafi ƙwarai, ta kan kashe kamar mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. A 2018 aka amince da wata ƙwaya da a ke haɗiya kwana 10. A 1998 an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton masu ciwon barci kusan 40,000, ban da ɗimbin da ba a gano ba. A 2009 adadin ya sauko ƙasa da 10,000, a 2018 kuwa ƙasa da 1,000, yawancinsu a ƙasar Kwango. Hukumar ta shaida Togo a 2020, da Gana a 2023, da Cadi a 2024, cewa ciwon ya daina zama annoba a cikinsu.

Amma kada a saki jiki. An taɓa kusan gamawa da ciwon barci wajen 1960, aka yi sakaci da bincike, yaƙe-yaƙe suka tashi a Kwango da Angola da Sudan, cutar ta komo da ƙarfinta. Sammore kuwa har yanzu tana cin dukiyar makiyaya.

To, jama'a, ku da Allah ya ba ku ikon karatu, ga abin da ya rage gare ku. Ku koyi gane tsando ta fiffikensa da tsinken bakinsa, ku nuna wa yaranku. Ku share sarƙaƙiyar mashaya da maƙetara tun da kaka, kafin zafi ya tara ƙudan a wurin. In an kafa tarkon shuɗin ƙyalle a rafinku, ku tsare shi, kada a bari wani ya cire ya ɗinka riga. Wanda ya daɗe yana zazzaɓi, maganin zazzaɓin sauro bai yi masa ba, ga kaluluwa a bayan wuya, a kai shi asibiti a duba jininsa tun cutar ba ta hau kai ba. Saniyar da ke ramewa alhali ga ciyawa, a kira malamin dabbobi ya gan ta, kada a sayi allura a kasuwa a yi ta kirdado, gama maganin da bai kai ƙa'ida ba ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai ya ke yi. In kuma kun tara mutane gayyar sharar rafi, ku zauna ku gaya musu dalili, ku tona musu gindin sarƙaƙiya su ga baƙin ƙwanson da idonsu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.